Ranar da Aka Zo Ta'aziyyata

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, addu'a iri biyu gare ta ta sallamar 'ya'yanta in za su fita aiki. Yayana da yake koyarwa a firamare, in ya durƙusa ya gaishe ta da safe, sai ta ce, "Allah shi yi ma aikin albarka." Ƙanwata mai ɗinki ita ma haka ake ce mata. Ni kuwa, tun ranar da na fara wasan kwaikwayo har shekara goma sha tara, abin da nake samu shi ne, "A dawo lahiya." Baƙo zai ce ai duk addu'a ce. Mu 'yan gida mun san bambancin, ni kuma na fi kowa sani, don ni abin yake ci wa rai.

A makarantar 'yan mata abin ya samo asali. Za a yi wasa na ƙarshen shekara, ana neman wadda za ta fito a tsohuwa, kowace yarinya ta noƙe, duk amarya suke so su zama. Ni da bakina ba ya shiru aka ce in zo in gwada. Aka barbaɗa mini toka a kai, aka aro mini zanen saƙi na mai dafa mana abinci. Da na hau dandamali sai na rasa yadda tsofaffi suke magana, sai maganar Inna ta faɗo mini. A lokacin Inna ba ta tsufa ba, amma a hannun kakarta ta tashi, saboda haka bakinta ya girme ta da shekara arba'in. Na buɗe baki na yi Inna. Har shugabar makarantar, wadda ba mu taɓa ganin haƙoranta ba, sai da ta rufe fuska da mayafi.

Da na gama makaranta na ce zan shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta cikin gari. Mahaifinmu, baduku ne a Ƙofar Guga, ya rasu shekara biyu kafin nan, don haka izini a wurin Inna yake. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida, na faɗa mata. Ba ta ajiye rariyar ba.

"Ban hana ki ba," in ji ta, "ban kau sa ki ba. Amma ɗiya mace ta tsaya gaban maza tana sauya murya, ni ban san sunan wanga aiki ba."

Ni kuma da zafin kai na ƙuruciya na ce, "Sunanshi aiki, Inna."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Washegari na durƙusa zan fita, aka ce mini a dawo lahiya, kuma a haka muka zauna.

Shekara takwas na yi a dandamali. Mun yi wasa a babban ɗakin taro na gari, mun yi a filayen makarantu, mun yi a kasuwannin ƙauye, inda ake loda mu a bayan a-kori-kura tare da labule da janareta. Akuya ta sha hawa dandamali ta tsaya a tsakiyarmu, mu sa ta cikin wasan. A wani ƙauye muna tsakiyar faɗan ƙarya ni da wanda ya fito a surukina, wani dattijo ya hau da sandarsa ya raba mu, ya yi wa yaron faɗa sosai a kan rashin ganin girman manya. Muka yi ta dariya a hanyar dawowa. Da muna da hankali da mun ɗauki darasi tun daga ranar, cewa mutanenmu in sun ba ka kunnensu, da zuciya ɗaya suke ba ka.

A wurin irin wannan wasa ne mai shirya wasannin gidan rediyo ya ji ni. Malam kawai muke ce masa. Mutum ne siriri, mai saurin fushi da saurin hucewa, kuma shi ya koya mini duk abin da na sani. Ranar farko ya sa na cire awarwaro da 'yan kunne, ya ce makirfo ba ya ɓoye sirrin kowa. Ya koya mini juya takarda ba tare da ta yi ƙara ba, da ja da baya taku biyu in ana so a ji kamar daga zaure nake magana. Turmi da taɓarya na gaske muke da su a ɗakin ɗaukar murya, da ƙwaryar ruwa, da wata tsohuwar ƙofa da aka hana kowa sa mata mai. In ka yi kuskure sai ya ƙwanƙwasa gilashi da zobensa, a koma farko.

Shi ya ƙirƙiro mini Gwaggo mai daddawa, tsohuwar da ke zaune a Ƙofar Guga tana sayar da daddawa tana yi wa duk unguwa faɗa. Duk Alhamis bayan la'asar ake sa shirin. Malam yana rubuta labarin, amma maganar bakin Gwaggo ya bar mini, ni kuwa wuri ɗaya nake samo ta. Ran Juma'a in na je gaida Inna sai in zauna kusa da ita ina tsinke zogale, tana yi wa jikoki faɗa, tana yi wa kaji, tana yi wa mai kawo ruwa, ni ina kwashewa. Maigidana, mai gyaran keken ɗinki ne a Ƙofar Kwaya, in ya ga na ɗauki mayafi sai ya ce, "An tafi ɗaukar karatu ke nan." Ban taɓa neman izininta ba, don na san amsar da zan samu.

Ran Talata muke ɗaukar shiri. Ƙofar Guga, inda Inna take, ba hanyata ba ce, amma ban taɓa fashin biyawa in durƙusa ba, ina cewa ko yau bakinta zai suɓuce ta haɗa ni da sauran. Mutane suna tsayar da 'yan wasanmu a hanya suna yabo, wasiƙu suna zuwa gidan rediyo buhu-buhu, ni kuwa kalma shida nake nema a wurin mace ɗaya. Rediyon da yayana ya saya mata ma lulluɓe shi ta yi da ƙyalle, ta ɗora kwanon goro a kai.

Muryar Gwaggo daga can ƙasan maƙogwaro nake kankaro ta. Bayan shekara goma sha ɗaya maƙogwaron ya ce ya gaji. Na fara wayar gari ba murya, sai hantsi take dawowa. Likita ya duba ya ce in dai ina son in ci gaba da magana da 'ya'yana, to in rabu da tsohuwar nan. Na kai wa Malam labari, ya juya zobensa, sannan ya ce, "Ba mai iya karɓarta daga hannunki. Sai dai mu kashe ta." Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa.

A wurin ɗaukar shirin ƙarshe ne muka tafka kuskuren. A cikin wasan akwai inda za a ji sanarwar rasuwar Gwaggo. Wanda zai karanta bai zo ba, babur ɗinsa ya lalace a hanya. Malam ya leƙa waje ya ga mutumin da yake karanta sanarwar rasuwa ta gaskiya a gidan rediyon yana wucewa, ya jawo shi ya miƙa masa takarda. Wannan murya kuwa duk ƙasar nan an san ta. In ya fara salati, mace tana daka sai ta tsayar da taɓarya ta ji wa aka rasa. Bawan Allah ya karanta yadda ya saba, a hankali, da nauyi: Allah ya yi wa Gwaggo mai daddawa ta Ƙofar Guga rasuwa bayan gajeriyar rashin lafiya. Muka tafa masa, muka ce ya iya. Cikinmu babu wanda ya yi tunanin komai.

Aka sa shirin ran Alhamis. Ran Juma'a da hantsi ina wanki sai ga yayana a kan babur, ko sallamar kirki bai yi ba.

"Ɗauko mayahinki," ya ce. "Gidanmu ya cika, ana zaman makokinki."

Na ɗauka wasa yake, sai da na ga hularsa a karkace.

Tun daga bakin lungu na fara ganin tabarmi. Maza sun cika zaure har waje, ana shafa fatiha. Mutanen ƙauye ne yawancinsu. Sun sauka a tasha sun ce wa 'yan acaɓa a kai su gidan Gwaggo mai daddawa, su kuwa 'yan acaɓa, da babu abin da ba su sani ba a garin nan, suka yi ta sauke su a ƙofarmu. Cikin gida mata ne ko'ina, takalma sun taru a bakin ƙofa. Wata ta kawo gero a ƙwarya, wata nono, wata ta zo da kaza an ɗaure mata ƙafa. Babu wadda ta dube ni sau biyu. Tsohuwa mai shekara tamanin suka zo yi wa gaisuwa, mace mai shekara talatin da takwas ba ta gabansu. Wata ma matsawa ta yi ta ce, "Zamna nan, ɗiyata. Jika ce ke? Sai haƙuri."

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi. Na rarrafa na durƙusa kusa da ita, ta yi magana ƙasa-ƙasa ba ta dube ni ba.

"Na hwaɗa masu ba wanda ya mutu, sun ce in yi haƙuri, haka zahin rashi yake. Sun ɗauka ni ƙanwatta ce. Wai muryarmu ɗaya."

Na ce shi ke nan, yau abin da take gudu ya same ta. Na jawo mata makokin ƙarya har tsakar gidanta, na sa ana yi wa 'yarta fatan mutuwa da rana tsaka, ga shi kuma baƙi sun tona mini asirin satar bakinta. Albarkar da nake bi shekara goma sha tara na ga ta tafi ke nan. Na yunƙura zan tashi in ba mutane haƙuri, sai ta danne mini gwiwa da hannu.

"Zamna. Bari su gama."

Na zauna ina jin ta'aziyyata da kunnena. Wata ta ce ba ta taɓa ganin marigayiyar ba, amma ta fi wasu danginta kusa da ita. Wata ta ce faɗan da Gwaggo ta yi wa wani maigida a rediyo ne ya sa nata mijin ya bari aka kai 'yarsu asibiti da naƙuda ta yi tsawo. Wata ta ce ita dai daddawar ce ba ta samu ta ɗanɗana ba, abin da ya tsaya mata a rai ke nan. Inna tana jan carbi tana cewa amin.

Sai wata doguwar mace mai tsage a kumatu ta gyara zama. Ta ce daga wani ƙauye take, arewa da gari, tun asuba ta fito. Ta ce shekara huɗu da suka wuce mijinta ya rasu, ta shiga takaba, ba ta da ɗa ba ta da kowa a gidan sai rediyonsa da ya bari. Kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba. Ran Alhamis ta kunna rediyon don kawai ta ji motsin mutum, sai ta ji Gwaggo tana yi wa wata mai takaba magana.

"Ta ce mata, 'Tashi ki ci tuwo. In kin ƙoshi kya yi kukan da ƙarhi.' Wallahi kamar ni take ma magana. Na dubi ɗakin ba kowa."

Carbin Inna ya tsaya. Ni kuma na sunkuyar da kai, don wannan maganar ba ta kasuwa ba ce. Ranar uku da rasuwar mahaifinmu Inna ta faɗa mini ita, a cikin ɗakin nan da take zaune a ƙofarsa, daga ni sai ita, ita da take cikin nata takabar. Na ɗauka na kai rediyo ban tambaye ta ba.

Inna ta dubi matar ta ce, "Kin ci kau?"

"Na ci. Malmala biyu. Na kuma yi kukan."

Inna ta ajiye carbin. Can ta ɗaga murya yadda har zaure za a ji.

"To ku saurara. Wadda kuka zo ma gaisuwa ba ta mutu ba. Ga ta nan zamne, ɗiyata ce, ni na haihe ta." Ta juyo gare ni. "Yi masu."

"Inna, likita ya hana."

"Likita bai ga gidana cike da mutane ba. Yi masu."

Na tsaya a gaban jama'a iri-iri a rayuwata, amma wannan ne karo na farko da zan yi wasa a gaban Inna. Na rufe ido, na kankaro tsohuwar daga inda take, na ce, "Ke mai jan kallabi, wa ya ce ki aje kaza bisa tabarmata? Ko gadonki ce?"

Sai salati ya ɓarke. Wata ta zura da gudu zuwa zaure ta bar takalmi ɗaya. Mai jan kallabin ta janye kazarta da sauri kafin ta tuna ba ta yi laifin komai ba. Doguwar matar ta taso ta kama fuskata da hannu biyu tana juyawa, tana cewa, "Yarinya ce ashe! Da haƙoranta duka!" tana dariya hawaye na zuba. Ba kowa ne ya yi dariya ba. Wata dattijuwa ta ce mu ji tsoron Allah, ta baro aikin gonarta ta kwana tana kuka a kan ƙarya. Gaskiyarta ce, na durƙusa na ba ta haƙuri har ta sauko. A zaure kuwa da yayana ya yi wa maza bayani, wani tsoho ya ce fatihar da aka yi ba ta lalacewa, a ajiye mini ita zuwa ranar da zan buƙata.

Inna ta ce ba mai fita gidanta da yunwa. Aka yanka kazar, aka daka geron aka dama fura da nonon da suka kawo. Maza suka wuce masallacin Juma'a, mata suka zauna sai da aka sauko, kowace tana so in yi mata faɗa da muryar Gwaggo kafin ta tafi. Kwana uku na yi ba na iya magana bayan nan, kuma ban yi da-na-sani ba.

Da gida ya watse na ɗauki tsintsiya ina shara, ina jiran nawa faɗan. Inna tana naɗe tabarma ta ce, "Hwaɗan da kika yi ma mai awo bara, kin yi sauri. Ni ba ni sauri in ina hwaɗa. Sai na bari mutum ya ji kunya tukuna."

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Da raɗa, don muryar ta tafi, na ce, "Inna, a ina kika ji?"

Ta nuna katangar maƙwabta da haɓa. "Suna ƙure rediyonsu. Ni inuwa nike bi."

Na dubi katangar. Ta gabas ce. Bayan la'asar babu inda rana take duka a gidanmu kamar gindinta. Daga baya ƙanwata ta faɗa mini cewa duk Alhamis nan Inna take jan tabarmarta, ta ce kada wanda ya dame ta, tana lazimi.

Talatar da ta biyo, muryata ta dawo, Malam ya ba ni wata fitowa da ba ta cin maƙogwaro. Na biya Ƙofar Guga kamar kullum na durƙusa. Inna tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba, ta ce, "Allah shi yi ma aikin albarka."

Na kasa tashi. Ina nan durƙushe, hawaye suna ɗiga a kan mayafina.

"Tashi mana," ta ce. "Nan ba gidan rediyo ba ne da ake maimaita shiri."

Na yi shekara goma sha huɗu ina aiki bayan wannan rana. Na fito a malamar asibiti, na fito a uwar gida mai sanyin hali, na koya wa 'yan mata da yawa cire awarwaro da juya takarda. Yanzu na ajiye, jikoki nake yi wa faɗa, kuma ba na sauri. In na waiwaya godiya ce ta fi yawa a raina. Ina gode wa Malam, Allah ya jiƙansa, da ya jawo mutumin da bai kamata ya jawo ba. Ina gode wa babur ɗin da ya lalace. Ina gode wa matan da suka baro gonakinsu suka zo suka faɗa wa mahaifiyata sunan aikina, abin da ni na kasa yi da duk surutuna.

Inna ta rasu shekara shida bayan makokin ƙaryar. Mutumin nan dai shi ya karanta sanarwar, ya ce mahaifiyar Gwaggo mai daddawa ce. Ran uku ina zaune a ƙofar ɗakinta, ban ci komai ba tun da aka fita da ita, sai na ji ana tambaya daga bakin zaure, "Wanga karon da gaske ne?" Doguwar matar nan ce mai tsage, ta ƙara tsufa, da ƙwarya a kanta. Aka ce mata da gaske ne. Ta shigo ta yi gaisuwa, ta dube ni, ba ta tambayi kowa ba ta wuce madafa kamar gidansu. Ta dawo da kwano ta ajiye a gabana, ta buɗe murfin.

"Tashi ki ci tuwo," ta ce.

Ba ta ƙarasa maganar ba, ni ma ban bari ta ƙarasa ba. Na wanke hannu na ci.